Wutsiya Ba Ta Wuce Kowa

Mu goma sha ɗaya ne a tafiyar, ni ne na ƙarshe. Ba gasa muke ba, aiki aka ba ni.

Ƙungiyarmu ta mahaya keke a Sekondi takan bi gaɓar teku duk hutun Ista, daga Axim zuwa Accra, kwana huɗu. Famfo ɗaya gare mu mai kyau. Shi da faci da gam da sufana duk a jaka guda suke, kuma wanda aka rataya wa jakar shi ake kira Wutsiya. Dokarsa ɗaya ce: ba ya wuce kowa. Idan tayar mutum ta sace, ba ya kiran na gaba su dawo. Sai ya kifa kekensa a gefen titi, ya zauna yana duban baya. Ya san Wutsiya na tafe.

Baba Eshun ne ya ce a ba ni jakar. Maƙwabcinmu ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shekararsa sittin da bakwai. Tun da na gama sakandare sakamakona ya fito na faɗi lissafi, a ƙofar gida nake wuni. Wata safiya ya turo keke ya jingina a jikin bangonmu.

"Ato, zama ba ya ƙara maki. Tashi."

Wata biyar ina bin su yawon Asabar. Ran da za mu tashi daga Axim, Ekow shugabanmu ya ga Baba na miƙo min jakar, ya ɓata rai.

"Baba, wannan fa bai taɓa yin kwana biyu a jere kan sirdi ba."

"Shi ya sa. Ba zai yi marmarin wuce kowa ba."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na rataya jakar.

Kwana biyun farko ban ba da kunya ba. Taya ɗaya ce ta sace, ta Anti Araba, kusa da Takoradi. Na yi mata faci cikin minti goma, ta saya min kwakwa, ta ce da Ekow ya zo ya ga aiki. Amma ban gaya wa kowa halin da cinyoyina ke ciki ba. Sirdin ya saɓule min fata ta ciki. A Cape Coast da za mu yi wanka, sai da na jiƙa wandon kafin ya rabu da jikina.

Rana ta uku muka tashi da hantsi. Shirin shi ne a ci abincin rana a cikin garin Saltpond, bakin ruwa, sannan a wuce. Tun kafin mu yi nisa na gane ba jiran kowa nake a baya ba, ni ne dai ba na iya binsu. Rigunanmu masu ruwan ƙwai suka yi ta ƙanƙancewa a gabana. A hawan Biriwa na ƙarshensu ya ɓace min, Baba Eshun ke nan, yana taka fedarsa a hankali yadda ya saba, ba ya ƙarawa ba ya ragewa.

Na sauka na tura. Teku na hannun dama, kwale-kwale jere a kan yashi, iska ba ta zuwa. Na yi tunanin kilomita nawa suka rage. Sai na yi wani tunanin. Kowa na gaba, kowa lafiya. In na hau bas, na sauka gab da Saltpond, na laɓe a inuwa har su wuce, sai in bi bayansu. Wa zai sani?

Ba bas ɗin ne ya tsaya don kansa ba. Ni na ɗaga hannu. Kafin ya iso na riga na tuɓe rigar ƙungiya na cusa a jaka.

Kwandastan babban mutum ne, da furfura a gemu da tawul a wuya. Ya dube ni, ya dubi keken.

"Mankesim za mu, gaba da Saltpond. Kai da dokinka?"

"E."

"Doki ya gaji ko mahayi?"

Ya nuna tayar gaba da yatsa.

"Cire masa ƙafar gaba. Ita kai za ka riƙe."

Na kwance tayar gaba. Ya buɗe but ɗin bayan motar ya kwantar da keken, ya ja ƙofar da igiya don ba ta rufuwa. Na roƙe shi ya lulluɓa masa buhu. Ya ce rana ba ta kashe ƙarfe. Amma ya lulluɓa.

Na samu kujerar taga ta hannun dama. Na ɗora tayar a kan gwiwa. Da na zauna kan katifar kujerar, wani daɗi ya ratsa ni har ido. Wannan ma ina tuna shi, kuma ba na son tunawa.

A Anomabo muka tsaya ɗaukar wata mata mai kwanduna biyar na busasshen kifi. Kwandasta ya kwance igiyar, ya jera kwandunan a kan kekena, ya ƙara buhun gari na wani fasinja, ya zagaye duka da igiyar nan guda ya ɗaure. Matar ta shigo ta zauna kusa da ni. Tana da jiki. Rabin tayar ya koma kan cinyarta.

"Wannan fa? Faifai ne?"

"Taya ce, Iya."

"Na ga taya ce. Ina sauran?"

"Ƙarƙashin kifinki."

"To yau ya samu albarka. Matsa, ɗana, ƙashi gare ka kamar tsinke amma ka cinye wuri."

Muka tashi. Ba mu yi minti biyar ba na hango shi.

Keke a kife, tayoyi sama. Riga ruwan ƙwai. Farin kai. Baba Eshun na zaune kan dutsen gefen titi kusa da wata mai sayar da kwakwa, ya kare ido da tafin hannu, yana duban hanyar da muka fito. Ba motoci yake kallo ba. Ƙasa-ƙasa yake kallo, inda keke zai ɓullo.

Jakar na tsakanin ƙafafuna. Ina jin kan famfon a ƙaurina.

Kalma ɗaya ce. In buga jikin mota in ce a tsaya. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Abin da na yi shi ne na sunkuyar da kai bayan tayar, kamar wayoyinta za su ɓoye mutum. Muka wuce shi.

Sai wayata ta yi ƙara. Na duba. Shi ne. Da na bar ta ta gaji, da ya fi. Na ɗauka.

"Ato, ina kake?"

"Ina tafe, Baba."

"Yauwa. Ƙusa ce, tayar baya. Na wuce Anomabo kaɗan, wajen mai kwakwa. Kada ka yi gaggawa. Ka sha ruwa kuwa?"

"Na sha."

"Wace ƙara ce wannan?"

"Mota ce ta wuce."

"To, ka riƙa bin gefe. Direbobin nan ba su da uwa."

Ya kashe. Wayata irin mai ƙarfin murya ce, duk layinmu an ji.

"Mota ce ta wuce," in ji matar, tana duban gaba. Ta sake faɗa a hankali, kamar tana ɗanɗana miya. "Mota ce ta wuce."

Wani a baya ya yi dariya.

"Tsohon da muka bari a rana, mai keke a kife. Babanka ne?" in ji matar.

"A'a."

"Kakanka?"

"Maƙwabci ne."

"Amma kai yake jira."

Na juya fuska wajen taga.

"Me ke cikin jakar?"

"Kaya."

"Kaya. Ni ma kaya gare ni a baya, na san sunansu."

Wani mutum mai kwat a kujerar gaba ya juyo. "Iya, bar yaro mana. Kin san abin da ke tsakaninsu?"

"Malam, ban sani ba. Na dai san abin da kunnena ya ji, kai ma naka ya ji, sai dai in kwat ɗin ya toshe."

Aka kwashe da dariya. Wayar na hannuna. Na ji tsoron ya sake bugowa a gabansu. Na danne ta har ta mutu.

Daga nan muka fara wuce sauran. Anti Araba da wasu biyu. Can gaba mutum huɗu a jere. Can kuma Ekow da wani, sun sunkuya suna gudu. Na ƙirga, tara. Babu wanda ya waiga. Me zai sa su waiga? Suna da Wutsiya.

A mararrabar Saltpond na buga jikin mota.

"Zan sauka."

"Sauka," in ji kwandasta. "Doki sai Mankesim."

"Kekena ne."

"Na sani. Yana ƙasa. Kwando biyar da buhu na kansa."

"Kwance masa," in ji matar.

"Iya, igiya ɗaya ce. In na kwance a nan, kifinki ne zai watse a kwalta, kuma ke za ki fara zagin uwata. Ba a kwance lodi sai tasha."

Direba ya danna ham.

"Kana sauka ko kana zama?" in ji kwandasta.

Ina iya sauka da jakar kawai in tari motar komawa. Na ce wa kaina keken ba nawa ba ne, ba zan bar shi a hannun baƙi ba. Gaskiya ce. Amma ba ita ta zaunar da ni ba. Na ga kaina ina fitowa daga mota a gabansa, ba keke, da taya ɗaya a hannu.

"Mu je," na ce.

Muka kama hanyar Mankesim. Matar ta janye cinyarta daga ƙarƙashin tayar, ta bar min nauyin.

A tasha sai da aka sauke kwandunan ɗaya bayan ɗaya, ana gardamar wanda ya fasa gefen na uku. Kekena ya fito kaca a zube, sirdi ya sha man kifi. Na mayar da taya, na mayar da kaca. Matar na ɗora kwando a kan wata 'yar dako, ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Rana ta take, ɗana. Mai furfura ba kifi ba ne da za a shanya."

Abin da na yi bayan nan ya fi min na farko ciwo. Ban kama hanya ba. Na je layin motocin Cape Coast. Dabarata ita ce in hau, in sake wuce shi a ɓoye, in sauka a Anomabo, in ɓullo masa ta inda yake tsammani, ina haki. Motar da ke kan layi mutum uku ne a ciki, kuma ba ta tashi sai ta cika. Na tsaya riƙe da keke ina kallon ƙofarta. Mutum na huɗu ya shiga. Bayan wani lokaci na biyar. Mai kiran fasinja ya zauna yana cin dokunu, wani irin tuwon masara, da kifi, bai ma damu ba. Kusan rabin awa na tsaya a wurin, ina jiran mota ta cika don ƙaryata ta tsira.

Ban san me ya ɗaga ni ba. Ba nadama ba ce tukuna. Agogon tashar na gani, sha biyu ta wuce.

Na mayar da rigar ƙungiya. Na hau.

Kilomita kusan ashirin ne, iska na tura ni baya. Ban iya zama kan sirdi ba, yawanci a tsaye na taka. Na wuce mararrabar Saltpond kaina a ƙasa. Sauran sun riga sun gangara cikin gari cin abinci, babu wanda ya gan ni. Ban kunna wayar ba. Na kasa tunanin me zan ce in ta yi ƙara.

Da na isa wajen mai kwakwa, dutsen na nan, babu kowa a kai.

"Anti, tsohon da ke nan fa? Mai keke?"

Ta ajiye addarta. "Ya zauna har inuwa ta gudu ta bar shi. Na ce ya tari mota, ya ce a'a, yaronsa na tafe da famfo. Ya yi ta buga waya ba ta shiga. Can ya ce yaron nan ba ya kashe waya, ko mota ta kwashe shi. Ya tashi ya koma nemansa." Ta nuna hanyar Anomabo da haɓa. Sai ta dubi rigata. Ta dubi inda na fito. "Kai ne yaron?"

"E."

"To ta ina ka ɓullo?"

Na taka feda.

Na ratsa Anomabo ban gan shi ba. Sai da na fita daga garin, inda titi ya fara hawa, na hango shi. Yana tafe a ƙasa, hannu ɗaya a kan keken, ɗayan ya ɗaga sirdi don kada tayar da ta sace ta ci ƙarfe. Ba miƙewa yake ba. Yakan yi taku goma ya tsaya, ya leƙa kwatar gefen titi. Ya sake tafiya, ya tsaya, ya ture ciyawa da ƙafa ya duba. Wata babbar mota ta wuce, ya jira, ya tsallaka da keken ya leƙa ɗaya gefen, ya dawo.

Na rage gudu. Na daɗe ina binsa a baya ina kallon haka. Sannan na ja birki.

"Baba."

Ya juyo. Ya saki keken, keken ya faɗi. Ya kama min dantse da ƙarfi, yana duba kaina, gwiwoyina, hannuwana.

"Ka ji ciwo? Ina ne?"

"Ban ji ba."

"Wayarka fa?"

"Na kashe."

Bai saki hannuna nan take ba. Ya dubi hanyar da ke gabansa, wadda ya yi awa biyu yana zuba wa ido. Ya dubi wadda ke bayana. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Sai yatsunsa suka sassauta.

"Bas na hau," na ce. "Daga Biriwa. Ya kai ni Mankesim."

"Ka gan ni?"

"Na gan ka."

"Da na bugo fa?"

"Mun wuce ka kaɗan."

Ya gyaɗa kai, kamar na gaya masa farashin gari. Ya ɗaga kekensa, ya kifa shi, ya zauna kan bakin kwata.

"To yi facin."

Na durƙusa. Na zare tif ɗin cikin tayar, na hura, na bi shi da leɓe har na ji inda iska ke fita. Na kankare, na shafa gam. Na ɗora facin gam bai gama shan iska ba, ya zame. Da a da ne, da ya ce, "Ina kake sauri, jirgi ne zai tashi?" Yau ya kau da kai. Ya cire takalmi ɗaya yana duba diddigensa, fatar ta tashi ta fashe. Na sake kankarewa, na sake shafawa, na jira. Motoci na wucewa. Wani kwandasta ya leƙo yana kiran Mankesim, ya ga ba mu ɗago ba, suka wuce.

"Ekow ya bugo sau biyu," in ji Baba, yana mayar da takalmin. "Na ce su ci abinci, muna tafe. Ban ce masa ka ɓace ba. Na ce kada ya ce ai ya faɗa."

Na ci gaba da buga famfo. Taya ta yi tauri. Na juya keken na miƙa masa, na tattara kayan na zuge jakar. Ina shirin ratayawa ya miƙo hannu.

"Ba ni."

"Baba, zan iya."

"Ba ni, Ato."

Na ba shi. Ya rataya, ya gyara igiyar a ƙirjinsa. Jakar ta yi masa girma.

"Wuce gaba."

"Ƙafarka fa?"

"Wuce."

Na wuce. Muka sake ratsa Anomabo, muka wuce mai kwakwa. Ta miƙe tsaye tana kallonmu. Na yi ƙoƙarin rage gudu don ya zo gefena, ko zan samu abin faɗa. Duk sanda na rage, shi ma ya rage. Tsakaninmu tsawon keke uku, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ina jin ƙarar kacarsa.

Da muka karya kwana muka gangara cikin Saltpond, na hango kekuna tara jingine a bangon wata rumfa, bakin ruwa. A nan ya yi magana daga baya.

"Kai za ka faɗa musu, ko ni?"

"Ni."

Sun daɗe da gama ci. Wasu na kwance kan benci. Anti Araba ce ta fara ganinmu, ta ɗaga hannu.

"Ga su nan! Mun ce ko kun tsaya auren mai kwakwa ne. An rufe muku naku, ku zo ku ci."

Ekow ya taso yana duba agogo, bakinsa cike da faɗa. Sai ya tsaya.

"Baba, me ya kai jakar bayanka?"

Baba Eshun ya jingina kekensa. Ya nufi randar da ke bakin rumfa yana ɗingishi, ya ɗebi ruwa ya fara wanke fuska.

Duk suka juyo gare ni. Ban sauka daga keken ba, ƙafa ɗaya a ƙasa. Na ce na hau bas daga Biriwa, na wuce Baba yana zaune da taya a sace, ya bugo min na ce ina tafe.

Teku na dukan duwatsu a bayan rumfar. Ekow ya matso, ya karkato kunne.

"Me ka ce? Ɗaga murya, ban ji ba."

Na sake faɗa.